Layin tsakanin tayil ɗina ya ƙi fita, manja ya kama shi, ina mafita?

Uwargida Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Dan Allah shawara nake nema, abin nan ya dame ni ƙwarai. Wata bakwai ke nan da aka sa mana tayil a kicin da banɗaki, fari muka zaɓa, layin tsakaninsa ma fari, ranar da aka gama aikin kamar kar mutum ya taka. To yanzu shi tayil ɗin lafiyarsa ƙalau, ina gogewa yana ƙyalli, amma layin nan na tsakani ya gagare ni. Na gaban murhu ya yi ja saboda manja da shito, yajin nan da muke soyawa da mai, na bakin ƙofa ya ɗau kalar jar ƙasa, na banɗaki kuwa baƙi ƙirin musamman kwanar da muke ajiye buta. Na sa Omo, na sa ruwan bilic na Parazone, na durƙusa da tsohon buroshin haƙori har gwiwata ta yi ciwo, ya ɗan yi haske kwana biyu ya dawo. Ƙanwar maigida da ta zo daga Akra ta ce wai akwai wani ruwa da ake shafawa a layin ya toshe shi datti ya daina shiga. Da gaske ne? In kuma akwai, zai yi min amfani yanzu da abin ya riga ya ɓaci?

Maman Biyu Sawaba: Wa alaikumus salam. Yaya kamar kin leƙa gidana wlh. Ni akesha, ruwan asid ɗin nan, nake zubawa duk Asabar, nan take yake yin fari, amma na lura layin sai ƙara zurfi yake, har in na sa yatsa ina jin ramin. Ina nan ina saurare.

Mai Tayil Asawase: Wa alaikumus salam Hajiya. Shekarata 14 a wannan sana'ar, bari in faɗa miki yadda abin yake. Fuskar tayil an gasa ta ne a wuta da wani rufi kamar gilashi, shi ya sa komai ya zuba a kai goge shi kawai za ki yi. Abin da muke cusawa a tsakani kuwa, wanda muke ce wa fila, siminti ne, shi kuma siminti in ya bushe ƙananan ƙofofi ne cike da jikinsa waɗanda ido ba ya gani. Ki ɗauke shi kamar randar ƙasa, kin ga yadda take tsotsar ruwa har bayanta ya yi gumi, to haka yake shan manja da ruwan miya da ruwan sabulu. Kina goge sama ne, dattin yana ciki.

Ruwan da aka faɗa miki gaskiya ne akwai shi, sila ake ce masa, ki ce wa masu shagon kayan tayil silar fila kike so. Iri biyu ne. Akwai mai nutsewa cikin simintin ya cika ƙofofin ba tare da ya canza kala ba, akwai kuma mai kwanciya a sama kamar banish. Mai nutsewar za ki nema. Na saman nan in aka sa shi a banɗaki danshi na maƙalewa a ƙarƙashinsa, bayan 'yan watanni ya fara ɓarewa kamar fatar maciji.

Amma ki ji wannan da kyau, kar ki kuskura ki shafa shi a kan layin yadda yake yanzu. Duk tabon da kika rufe da sila kin ɗaura masa aure da gidanki ke nan, ba saki.

Uwargida Aboabo: Na gode Masta, Allah ya saka. To me ya sa wanda ya yi mana aikin bai ce komai ba? Ko kalma ɗaya bai faɗa ba, ya gama ya ce mu bari ya kwana mu shiga.

Mai Tayil Asawase: Hajiya gaskiya ɗaya ce, yawancinmu a wajen masta muka koya, mastan ma bai taɓa sa shi ba. Kuma lokacin shafa shi sai fila ta sha iska aƙalla awa 48 zuwa 72, wani ma ya fi haka, lokacin an riga an biya mutum ya koma wani aikin a Sepe ko Asokore Mampong, wa zai dawo saboda layi? Ni ma sai da na yi aiki a wani otal ƙarƙashin wani ɗan kwangila na fara ganinsa.

Baba Mai Gida Tafo: Ni fa ban yarda da wannan zancen ba. Mun tashi a gidajen Zango da daɓen siminti ana shafa masa jan hoda, iyayenmu mata na wankewa da tsintsiya da ruwa, ba wanda ya ce sai an sayo wani ruwa a kwalba. Yanzu a sayi tayil, a sayi siminti, a biya leburanci, a ce kuma ga wani abu da za a riƙa sabuntawa duk shekara? 'Yata, laifin na farin layi ne. Ɗakuna shida na sa wa tayil a gidana, na ce a cusa mai ruwan toka mai duhu, shekara biyar ba ɗan hayar da ya zo min da ƙorafi. Garin da ƙasarsa ja ce, ga ƙurar hunturu, ga damina biyu a shekara, wa ya aike ka farin layi?

Mai Tayil Asawase: Baba maganarka akwai gaskiya, ni kaina ina hana mutane farin layi a ƙasan kicin da bakin ƙofa. Sai dai mai duhun ma yana sha, ɓoyewa kawai yake yi. Ka shiga banɗakin da aka yi shekara biyar ka sunkuya ka shaƙa, za ka ji abin da nake nufi.

Baba Mai Gida Tafo: Wannan kuma ƙazantar masu ɗakin ce, ba ta layi ba.

Hajiya Mai Waakye: A'a Alhaji, a nan kam ban bi ka ba. Ni tun kafin asuba nake kan wuta, ana gama sayarwa kuma yarana su wanke wajen tas da ruwan zafi, ba ranar fashi, amma duk da haka sai da layin ya kama. Kun san karan dafin da muke sa wa waakye, wato shinkafa da wake, rini ne sosai, ruwansa in ya ɗiga a siminti ya zauna ke nan. Ga man shito, ga ruwan soɓolo in yara sun zubar. Nawa mai ruwan toka ne kamar naka amma sai da ya koma wata kala da ba ta da suna, kuma yana maiƙo, ƙuda na bi. Mai sayen abinci ƙasa yake fara kallo kafin ya kalli tukunya. Bara na sa aka ƙwaƙule na wajen murhun gaba ɗaya aka cusa wani mai suna efoksi, ya ci min kuɗi ba kaɗan ba, amma tun daga nan tsumma ɗaya nake bi da shi.

Maman Biyu Sawaba: Hajiya mene ne kuma efoksi? Shi ne silar?

Mai Tayil Asawase: Ba shi ba ne ƙanwata. Efoksi fila ce da ba siminti a cikinta, ruwa biyu ake haɗawa da gari su daskare kamar roba mai tauri, ba ta da ƙofofi, saboda haka ba ta buƙatar sila ko kaɗan. Matsalarta biyu, tsada da wuyar aiki. Da an kwaɓa ta agogo ya fara gudu, in mai aikin bai iya ba ta bushe masa a fuskar tayil, fitar da ita kuma sai an sha wuya. Ga mai sana'ar abinci irin Hajiya ta cancanci kuɗinta. Ga kicin na gida, fila mai kyau ta leda da sila sun wadatar.

Ɗalibin Tek: Salam. Anti Maman Biyu dan Allah ki dakata da asid ɗin nan. Abin da kike gani yana yin fari nan take ba dattin ne ya fita ba, saman simintin ne ya narke ya tafi da dattin. Siminti ɗan gidan farar ƙasa ne, asid kuma cin farar ƙasa yake yi, wannan kumfar da kike gani tana tashi in kin zuba, layinki ne ke narkewa. Duk Asabar kina cire masa fata ɗaya, abin da ya rage kuma ya fi na da ƙofofi, ya fi saurin kama datti, sai ki ƙara zubawa. Shi ya sa ramin. Ko ruwan lemun tsami da binega ma haka suke yi a hankali.

Na biyu kuma wannan ya fi komai muhimmanci, KAR A HAƊA asid da Parazone, ko a bokiti ɗaya ko a zuba wannan a kan wancan ba a ɗauraye ba. Iskar kulorin ce ke tashi, guba ce, tana ƙona ido da maƙogwaro da huhu, ga banɗakunanmu ƙanana wasu ko taga babu.

Maman Biyu Sawaba: Innalillahi. Wlh na taɓa haɗawa sau ɗaya don ya fi ƙarfi, tari ya kama ni idona na ta ruwa, da rarrafe na fito, yinin ranar ƙirjina na zafi. Na ɗauka ƙarfin maganin ne kawai. Allah ya tsare, tagwayena suna barci lokacin. Na daina daga yau.

Uwargida Aboabo: Subhanallah, Allah ya ƙara tsarewa. Ni ma saura kaɗan in sayo. To Masta yanzu ta ina zan fara?

Mai Tayil Asawase: Ki raba aikin gida biyu, don tabon kicin daban na banɗaki daban. Na kicin mai ne. Ki kwaɓa bekin soda da ɗan ruwa ya yi kauri kamar kullun ƙosai, ki lafta a layin, ki bar shi ya jima, sannan ki goge da buroshi mai gashin roba da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke. Ban da soson ƙarfe, yana kankare layin ya bar tsatsa. Ki maimaita sau biyu ko uku a kwanaki daban. Na banɗakin baƙin nan fumfuna ce, danshi ke kawo ta, ita Parazone ɗin da aka sirka da ruwa yana kashe ta, ki bar shi kamar minti 10 ƙofa a buɗe ki ɗauraye da ruwa mai yawa.

Inda manjan ya nutse sosai, gaban murhu ke nan, ba na son in yi miki ƙarya, wata bakwai ya isa ya kai ƙasa. Wannan sai an ƙwaƙule. Akwai ɗan zarto na hannu da ake yi da shi, a cire kamar kashi biyu cikin uku na zurfin layin a cusa sabo. Ba duk kicin ba, layi biyar ko shida ne kawai za ki ga sun fi lalacewa. Kar a yarda a shafa sabo a kan tsoho sama-sama, ba ya kamawa, sati biyu zai ɓare.

Bayan nan sai bushewa, a nan mutane ke faɗuwa. Layin ya bushe ƙayau har ciki, kwana ɗaya zuwa biyu ba ruwa, inda aka cusa sabo kuma awa 48 zuwa 72 ɗin da na faɗa, in damina ce a ƙara, a kunna fanka. In da danshi a ciki silar ba ta samun wajen shiga.

Uwargida Aboabo: Kwana biyu ba ruwa a banɗaki da yara huɗu? Masta akwai aiki.

Hajiya Mai Waakye: Ƙanwata ki roƙi maƙociya, ko ki haɗa shi da tafiya. Ni lokacin da muka je suna Ejura na bar wa mai aikin makulli.

Birkila Akwatia Line: Ni tambayata ga Masta, me ya sa kuke ta kushe farin siminti ne yanzu? Da shi aka yi rabin gidajen garin nan kuma suna nan. Filar leda tsada kawai.

Mai Tayil Asawase: Abokina ba kushe ba ne. Farin siminti zalla in ya bushe yana tsukewa, sai ya yi 'yan tsage-tsage kamar gashi, ta nan ruwa ke bi. Ta ledar an haɗa ta da sinadarin da ke rage tsagewa da shan ruwa, wata har da yashi mai laushi. In layin ya wuce milimita 3 faɗi dole mai yashi. Amma ka san abin da ya fi kashe aiki? Ruwa. Yaro ya kwaɓa fila tsululu kamar koko don ta yi saurin shiga, ya bi da soso sharkaf yana wankewa. Ruwan nan in ya ƙafe gurbinsa ne ke zama ƙofofin. Ko wacce iri ka saya in aka yi mata haka ta mutu. Kwaɓin ya yi kauri kamar tuwo mai laushi, a danna shi ciki da roba, soso kuma a matse shi sosai.

Birkila Akwatia Line: Wannan na kwaɓin na yarda, na sha gani. Amma maganar farin siminti muna nan a kan bakanmu, in hannu ya iya yana yin shekaru.

Ɗan Sawaba a Bronx: Salam 'yan gida, ina gaida iyaye. A nan Amurka wannan abu sananne ne, ko'ina ana sayarwa. Abu ɗaya zan ƙara, ku guji na feshi irin na gwangwani a ɗaki rufaffe. A 2005 sai da hukuma a nan ta sa aka janye wani iri daga kasuwa saboda mutane sun shaƙa sun kwanta asibiti da ciwon huhu. Ku nemi na ruwa wanda ake shafawa da ɗan buroshi, a buɗe taga, a sa safar hannu, a fitar da yara. Kuma ga gwajin da za ki yi ki gane ko ya kama, ki ɗiga ruwa a layin, in ya tsaya dunƙule kamar a kan ganyen kontomire, wato na gwaza, to ya yi, in layin ya yi duhu ya shanye to da saura. Da wannan gwajin ne za ki san lokacin sabuntawa ma, ba sai kin ƙirga wata ba.

Baba Mai Gida Tafo: To ka ji, har da asibiti. Ni dai na faɗi nawa.

Ɗalibin Tek: Baba na feshin ne aka samu matsala da shi, kuma ko fenti aka yi a ɗaki ai sai an buɗe taga.

Amarya Yalwa: Dan Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni haya muke, shekara biyu muka biya gaba ɗaya, tayil ɗin sabo ne ko wata ɗaya ba a yi ba. Ni ce zan sayi silar ko mai gida? Kuma abin da ya fi damuna, in jariri ya yi fitsari a ƙasa layin ya shanye, in na wanke na shimfiɗa darduma sallata ta yi?

Malamin Makaranta Alabar: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa kar waswasi ya shige ki. Lokacin da baƙauyen nan ya yi fitsari a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, umarni aka yi a kwarara guga na ruwa a wajen, ƙasa ce kuwa mai shanyewa, ba a ce a haƙe ta ba. Ki goge fitsarin, ki zuba ruwa mai tsarki ya rinjayi wajen, shi ke nan ya tsarkaka. Malamanmu na Malikiyya sun ce launi ko warin da ya yi wuyar fita bayan an wanke ba ya hana tsarki. Silar tsafta za ta ƙara miki da sauƙin aiki, amma ba sharaɗin sallah ba ce.

Baba Mai Gida Tafo: Amarya maganar wa zai saya, kar ki je wa mai gida da ita, ba zai saurare ki ba. Ni mai gida ne na san halinmu.

Ɗalibin Tek: Dokar hayar Ghana ta 1963 ma wata shida ta ce iyakar abin da za a karɓa gaba, amma ga shi ana karɓar shekara biyu. Anti tunda ke za ki zauna ke za ki durƙusa wanki, kuma ranar tashi da layin za a kama ki a ce kin ɓata ɗaki, ni a ganina ki saya. Naki ma ya fi na kowa sauƙi tunda bai kama ba tukuna.

Mai Tayil Asawase: Ƙwarai, Amarya ke ce a kan gaɓa, yanzu ne lokacinsa tun manja bai ɗiga ba. Ƙaramar kwalba ta isa ɗaki da falo da banɗaki tunda layi kawai za ki bi. Ga yadda ake yi, har da ke Hajiya. Ɗan buroshin fenti siriri ko na haƙori sabo, a tsoma a bi layin a jiƙa shi sosai, a fara daga ƙuryar ɗaki ana ja da baya zuwa ƙofa. A bar shi minti 5 zuwa 10 ya sha, sannan a goge wanda ya hau fuskar tayil da busasshen tsumma tun bai bushe ba, in ya bushe a kai yana barin hazo mai wuyar fita. Shi ya sa kaɗan-kaɗan ake yi, ba a shafe ɗaki duka sannan a dawo gogewa ba. Bayan kamar awa ɗaya a yi zagaye na biyu. Kar ruwa ya taɓa shi sai ya yi awa 24. Kowane kamfani da nasa lokacin, a duba bayan kwalbar, in ya saɓa da nawa a bi nasu. A fara gwadawa a bayan ƙofa ko ƙarƙashin kabad.

Kuma kar a ɗora masa abin da ba nasa ba. Sila lokaci take ba ki, manja ya zuba ki samu damar gogewa kafin ya nutse, in kika bar shi ya kwana zai shiga. Ba ta hana banɗakin bene yoyo, wannan aikin rufin da ake yi ne a ƙarƙashin tayil tun farko. Ba ta gyara layin da ya tsage. Kwanar da bango ya haɗu da ƙasa kuma silikon ake sawa, don wajen yana motsi, siminti fashewa yake.

Uwargida Aboabo: Salam jama'a, na dawo da labari bayan sati uku. Bekin sodar ta fitar da na wajen wanke-wanke da na bakin ƙofa sosai, na gaban murhu kam ya ƙi kamar yadda Masta ya ce, layi bakwai aka ƙwaƙule, na bi shawarar Baba aka cusa mai ruwan toka a wajen, ya ɗan bambanta da sauran amma tabarmar roba na kai. Yara na kai su gidan Mama a Asawase kwana uku. Jiya na ɗiga ruwa a kicin ya tsaya dunƙule ya ƙi shiga, har na kira maigida ya gani. Sai dai na banɗaki kwanar butar nan har yanzu yana yin duhu in ruwa ya taɓa, ko ban bari ya bushe sosai ba ne?

Mai Tayil Asawase: Haka ne Hajiya, kwanar nan ta daɗe tana shan ruwa, danshinta ya yi zurfi. Ki ɗauke butar daga wajen, ki juya masa fanka kwana biyu, ki sake shafawa zagaye biyu. In ya sake yin duhu ki ƙwanƙwasa tayil ɗin wajen da bayan cokali, in kin ji yana ƙara kamar ganga to ya saki ne, akwai rami a ƙarƙashi inda ruwa zai iya kwanciya, sai an ɗaga shi.

Uwargida Aboabo: To bari in gwada cokalin yanzu kafin magariba.